Tsohuwar taswirar Kano, ya zan gane shekarar da aka buga ta?

Dan_Fagge:
Salam jama'a. Dan Allah masana tarihi ko ma'aikatan safiyo ku taimaka min. Na fara tara tsofaffin taswirorin birnin Kano, to akwai wata da na siya wajen masu tsofaffin littattafai amma gefen da ake rubuta shekara gara ta cinye shi tas. Titunan Sabon Gari sun fito, ganuwa da ƙofofi duk akwai, layin dogo ma ya fito har reshen da ya tafi Nguru, a bayanta kuma an buga kuɗi 2/6. Mai sayarwar har rantsuwa ya yi wai tun zamanin Sarki Abbas ce, ni dai ban gamsu ba.

Tsohon_Safiyo:
Wa alaikumussalam ɗana. Mutumin nan ciniki kawai yake nema. Sarki Abbas ya rasu 1919, jirgin ƙasa ya iso Kano 1911 amma reshen Nguru sai 1930 aka gama shi, to ta ina za a zana layin da ba a shimfiɗa ba? Sannan 2/6 ɗin nan sule biyu da sisi kenan, naira kuwa sai Janairun 1973 ta fito, ka ga kana tsakanin 1930 da 1972. Yanzu sai ka matse. Duba ko Kano Province aka rubuta ko Kano State, domin jiha sai 1967 aka yi ta. In akwai sauran ƙananan rubutu a ƙasa ka karanta wa ya buga, in ka ga Directorate of Colonial Surveys, wato hukumar safiyo ta Turawan Ingila, to kafin 1957 ce, a shekarar suka koma Overseas Surveys. Ka kuma leƙa ko Sabuwar Ƙofa ta fito, ita ai a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka fasa ta.

Yar_Mandawari:
Baba Safiyo Allah ya ƙara lafiya, amma ina da ɗan ja. Shekarar awo daban shekarar bugu daban, sau da yawa za a auna gari sai a yi ta maimaita bugawa shekara da shekaru ana ɗan ƙara titi ɗaya biyu ba tare da an sake fita awo ba, shi ya sa abin da ka gani a taswira hujja ne amma abin da baka gani ba ba lallai babu shi a lokacin ba, ƙila dai ba a sabunta ba ne. Kuɗin ma in hatimi aka buga ranar sayarwa yake nunawa ba ranar bugu ba. Ni kududdufan cikin gari nake bi, ka ga yadda ake ta cike su ana gini a kai, amma sai kana da wata mai shekara a jiki ka jera su.

Tsohon_Safiyo:
Gaskiyarki 'yata, wannan haka yake.

Abu_Hanan:
Kar dai ka kuskura ka kai a yi mata leda ta wuta, kuma ban da salatif, duk yana ɓata takarda daga baya. Ka shimfiɗa ta kar ka ninke. In kwatantawa kake so ka gwada Gidan Dan Hausa a Kano, ko Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna. Zanen Kano da Baturen nan mai yawon bincike Clapperton ya yi bayan zuwansa 1824 da na takwaransa Barth na 1851 ma ana samunsu a intanet, duk da su na hannu ne.

Dan_Fagge:
Na gode ƙwarai. Na duba, Province ce, Sabuwar Ƙofa tana nan, kwalejin Abdullahi Bayero kuma babu ita ko alama.

Tsohon_Safiyo:
To awon dai kafin 1967 ne, ƙila ma kafin kwalejin ta zo a farkon shekarun 1960, amma ka tuna maganar 'yar uwarka. Ɗauko hoton ƙananan rubutun da gara ta rage ka ɗora mana, in an ambaci hoton da aka ɗauka daga jirgin sama galibi shekarar ɗaukarsa tana kusa da wajen.