Wane ɗaki zan kama a jirgin ruwa? Mama tana da jiri, ejan kuma sai matsa min yake

Uwar_Biyu:
Salam jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa ku kawo min ɗauki, kaina ya kulle. Tafiyar kwana bakwai ce a Bahar Rum, za a tashi daga Basalona a bi ta Marsai da Jenowa a zagayo a dawo. Mu uku ne, ni da maigida da mahaifiyata, ɗaki biyu muke so. Matsalar ita ce Mama ko mota ce in hanya ta cika lanƙwasa sai jiri da tashin zuciya, ga gwiwa kuma ba ta son doguwar tafiya. Ejan ya turo min zaɓi uku: mai baranda a bene na 15 can wajen gaban jirgi, sai mai taga kawai a bene na 5 a tsakiya, sai wani da ya kira garanti wanda shi ma mai baranda ne kuma ya fi arha sosai amma babu lambar ɗaki, wai sai daga baya kamfani zai faɗa mana inda suka ajiye mu. Maigida ya kafe a kan na 15, wai tunda za a kashe kuɗi a kashe a ga duniya daga sama. Ni kuma arhar garantin ce ke fizgata. Ejan ya ce in ba shi amsa kafin jibi ko ɗakunan su tafi. Me kuka gani?

Tsohon_Matafiyi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tun kafin a je ko'ina ki cire na bene 15 ɗin nan daga lissafi in dai Mama za ta kwana a ciki, ki ba maigida haƙuri. Ki tuna lilon yara na katako, wanda ɗaya ke zama a wannan baki ɗaya a wancan, bakin ne ke sama da ƙasa, tsakiyar kusan ba ta motsi. Haka jirgi yake a kan taguwar ruwa, gaba ya fi ko'ina ɗagawa da faɗuwa, sai baya, tsakiya ce ta fi natsuwa. Sannan yadda kika ƙara hawa sama haka tangaɗin hagu da dama ke ƙaruwa, kamar saman doguwar bishiya in ana iska. To ejan ɗinki ya haɗa miki biyun a wuri guda, sama kuma gaba.

Za a ce miki ai jiragen yanzu suna da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ake buɗewa su daidaita jirgi, gaskiya ne, amma tangaɗin gefe da gefe suke ragewa, ɗagawar goshin jirgi da faɗuwarsa ba su da wani abin kirki da za su yi a kai. Bahar Rum da rani yawanci lafiya lau take, sai dai tsakanin Basalona da Marsai akwai wata iska da ke saukowa daga kudancin Faransa da takan tayar da ruwan wajen, ba kullum ba, amma ranar da ta tashi mai jiri zai gane kurensa.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan, kafin ki biya ko kwabo ki buɗe taswirar benayen jirgin, tana shafin kamfanin kyauta, ki nemo lambar ɗakin, sannan ki duba me ke samansa me ke ƙasansa. Ni na koyi wannan da jikina. Tafiyata ta biyu na kama ɗaki mai kyau, baranda, komai tsaf, ban duba ba ashe wurin ninkaya ne a saman kaina. Ƙarfe biyar da rabi na asuba ma'aikata ke fara jan kujerun kwanciyar nan suna jerawa, ƙiiiii, ƙiiiii, a kan silin ɗina, da dare kuma kiɗa har sha ɗaya da wani abu. Kwana bakwai ban yi barcin safe ba ko sau ɗaya, na je wajen masu karɓar baƙi suka ce jirgi a cike yake, suka ba ni abin toshe kunne. Ɗakin da ake nema shi ne wanda samansa ɗakunan kwana ne ƙasansa ma ɗakunan kwana. Ki guji ƙarƙashin wurin cin abinci na ɗebi da kanka, da saman zauren wasanni, da kusa da kicin. Wani farin fili da za ki gani a taswira ba a rubuta komai a kansa ba, to galibi wurin ma'aikata ne, ƙofa na buɗewa tana rufewa dare da rana.

Anti_Mai_Baranda:
Baba ya gama magana a kan tsakiya, amma ni ban yarda a kai Mama ɗakin taga a bene na 5 ba gaskiya. Tagar nan fa ba ta buɗuwa, gilashi ne a liƙe. Ni ma mai jirin ce ƙanwata, kuma abin da ke taimaka min in zuciyata ta fara tashi shi ne in fita baranda iska ta buge ni in kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, minti goma sai in ji na dawo daidai. Dattijuwa mai ciwon gwiwa da ba za ta riƙa zaga jirgi ba, barandar nan ita ce yawonta, ta zauna da shayinta tana kallon yadda ake shiga tasha da safe. Ki ce wa ejan ya nemo miki mai baranda a tsakiya, bene na 9 ko na 10, kusa da lifta amma ba daf da ita ba, kamar ƙofa huɗu ko biyar tsakani, saboda bakin lifta nan mutane ke tsayawa suna hira da tsakar dare. Jiragen nan tsawonsu ya haura mita 300, in aka jefa ta ƙarshen lungu kullum sai ta yi tattaki kafin ta kai ga abinci.

Abu biyu ki tambaya da bakinki. Na farko ko akwai abin da ya tare gaban barandar, don benen da ke daf da kwale-kwalen ceto za ki fito ki ga ƙaton kwale-kwale ruwan lemo ya tsaya miki a gaba, suna rage kuɗin irin waɗannan ɗakunan, wani lokacin ma tarewar kaɗan ce ana ganin teku sarai, amma ki san me kika saya. Na biyu ki tabbata barandar teku take kallo. Tun da kamfanin Royal Caribbean suka fito da jirginsu Oasis of the Seas a 2009 aka shigo da baranda mai kallon cikin jirgi, ƙasanki lambu ne ko titin shaguna, gabanki kuma barandar wasu ce suna kallonki kina kallonsu, yanzu wasu kamfanonin ma sun kwaikwaya. Sunanta baranda amma ga mai jiri ba ta da amfanin komai.

In maigida yana shan sigari a faɗa masa tun yanzu, yawancin kamfanoni sun hana sha a baranda, kuma tara suke ci. Gobarar da ta tashi a jirgin Star Princess a 2006 daga baranda ta faro.

Dan_Jakar_Baya:
Ni dai talaka ne a harkar nan lol, sau uku ina shiga duk ɗakin ciki nake kamawa wanda babu taga sam, kuma wallahi ban taɓa barci mai daɗi irin na can ba, ka kashe fitila duhu ɗum ko tafin hannunka ba ka gani, sai dai in ba ka sa ƙararrawar waya ba za ka farka sha ɗaya ka ɗauka asuba ce jirgi ya daɗe da tsayawa kowa ya fice gari. Tafiyar Bahar Rum kusan kullum ana tasha, ka fita da safe ka dawo da yamma a gajiye, ɗakin wanka da barci ne kawai, shi ya sa ni ban ga abin biyan baranda ba. Amma ni kaɗai nake yawo, ba da uwa ba.

Maganar garanti Uwar_Biyu, ga yadda take: kin biya kuɗin ajin ɗaki ne ba ɗakin ba, sun yi alkawarin ba za su ba ki ƙasa da wannan ajin ba, amma su za su zaɓa daga abin da ya rage bayan masu zaɓa sun zaɓe. Lambar kan fito wani lokacin makonni kafin tafiya, wani lokacin saura kwana biyu. Sau ɗaya na ci sa'a suka ba ni mai taga, sau ɗaya kuma suka kai ni can ƙasa gaba, duk tashar da aka saki anga sai in ji kamar ana zuba ƙarafa a cikin kaina. Ke da kike da ɗaki biyu kada ki soma, babu mai ba ki tabbacin za su haɗa ku, sai ki ga Mama a bene na 8 baya ku kuna na 13 gaba.

Kuma ki duba lissafin ɗakin Mama da kyau. Farashin da suke tallatawa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki, in ita kaɗai ce za a caje ta kusan kuɗin mutum biyu. Akwai jiragen da ke da ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya, Norwegian Epic ne ya yi fice da su a 2010, amma matsattsu ne kuma ba sa kallon teku, ba na Mama ba ne.

Uwar_Biyu:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Dan_Jakar_Baya ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi, yanzu na sake duba takardar na ga lallai kuɗin ɗakin Mama ya kusa namu mu biyu. To in muka haɗu mu uku a ɗaki ɗaya fa? Sannan hagu ko dama, wanne ya fi ganin gari? Maigida ya sauko daga bene 15 amma yanzu wannan ce sabuwar rigimarsa.

Tsohon_Matafiyi:
Hajiya mutum uku manya a ɗaki ɗaya, ke da miji da suruka, a'a. Ɗakin bai fi ƙaramin ɗakin otal ba, gado na uku ko kujera ce ake warewa da dare ta toshe hanyar baranda, ko kuma wanda ake saukowa da shi daga sama a hau da tsani, banɗaki ɗaya ɗan mitsitsi. In aljihu ne ya matsa, ga dabarar da iyalai ke yi: Mama ta samu mai baranda, ku ku kama na ciki da ke fuskantar ƙofarta, taku biyu ne tsakani, da rana duk ku taru a barandarta. In kuma da hali ku nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, ki ji motsinta da dare. Su waɗannan kaɗan ne a jirgi kuma da wuri suke ƙarewa. Wanda ba ya tare da maƙwabcinsa ne ya kamata ya guje su, don ƙofar na shigo da magana.

Hagu da dama kuwa ki ce wa Alhaji ya kwantar da hankalinsa. A tafiyar da ake zagayawa a dawo inda aka tashi, yawanci da dare ake tafiya kuma nesa da gaɓa, a tasha kuma ba wanda zai faɗa miki da wane gefe za a jingina, ya danganta da wurin da aka ba jirgin a ranar. Inda gefe ke da tasiri shi ne tafiya mai miƙewa, kamar Alaska in ana hawa arewa, dama ce ke kallon ƙasa.

Wajen biya, kada ki yarda da magana ta baki. Lambar kowane ɗaki ta fito a rubuce a takardar tabbaci kafin ki ba da kafin alƙalami, ki tambaya ko ana mayar da shi in an fasa, don farashi mafi arha galibi ba a mayarwa, da kuma ranar da za a cika sauran kuɗin, yawanci wata biyu zuwa huɗu kafin tashi. Ki sa ejan ya haɗa rajistar ɗakunan biyu don a ba ku teburin abinci ɗaya, kuma ya rubuta cewa ba kwa son a canza muku ɗaki ko da sunan ƙarin girma ne. Daga baya za ki ga imel wai ki taya ɗaki mafi girma da ɗan kuɗi kaɗan, in kika taya suka sallama to zaɓin wuri ya fita daga hannunki, kuma ba a komawa tsohon. Ki kuma faɗa musu zancen gwiwar, saboda kowane ɗaki da wurin taruwar gaggawa da aka ɗaura masa, kuma tun bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a 2012 sai an yi atisayen taruwar kafin jirgi ya bar tasha ko kuma nan take bayan ya tashi, in sun san da ita za su tanadi mai taimaka mata.

Anti_Mai_Baranda:
Ƙari kaɗan, wajen ƙirga benaye ki bi taswira kada ki bi lissafin kai, wasu jiragen babu bene na 13, na kamfanin MSC kuma 17 suke tsallakewa saboda camfin mutanen Italiya, sai ki ɗauka akwai bene tsakaninki da wurin ninkaya alhali shi ne a kanki. Kuma ki sayi 'yan ƙugiyoyin nan masu maganaɗisu, bangon ɗakin ƙarfe ne, a nan za ki rataye mayafai da jaka da katin ɗaki. Dutsen guga kada ki ɗauko, a bakin shiga za su karɓe.

Uwar_Biyu:
To jama'a an gama. Na kira ejan na ce ya manta da ukun nan, da farko ya ce babu komai a tsakiya, da na karanto masa lambobin da na gani da idona a shafin kamfanin sai ga shi ya samo. Bene na 10, Mama mai baranda, mu na ciki a gabanta, sama ɗakuna ƙasa ɗakuna, ƙofa shida zuwa lifta, na ƙirga sau uku. Maigida har yanzu yana ƙunƙuni wai shi aka kai ɗakin duhu surukarsa na shan iska, Mama kuma da na nuna mata hoton barandar tambayarta ɗaya ce, wai ƙarfen nan da aka kewaye ta da shi ya kai mata ina, kuma ana kulle ƙofar da dare ko kuwa.