Zan sayar da laftof ɗina, ya zan goge bayanan mutane yadda ba za a dawo da su ba?

ɗanRingim: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana kwamfuta ku taimaka min. Ina da ɗan shago a bakin kasuwa, ina yi wa mutane taifin da sikanin, to shekara uku kenan komai a laftof ɗaya nake ajewa, takardun NIN, takardun gona, hotunan fasfo, har hotunan biki na matan unguwa da suke kawowa a wanke musu. Yanzu ina so in kai ta Kano in sayar in ƙara kuɗi in haɗa sola, wutar nan ta ishe ni. Bara wani ya kunna min BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanan diski, ya ce komai ya kulle. Amma satin da ya wuce da idona na ga yaron da ke cajin waya kusa da ni ya saka wani memori da aka yi wa fomatin, ya danna wani abu wai Recuva, sai ga hotuna suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, har hoton wata baiwar Allah ba ɗankwali. Wlh tun ranar hankalina bai kwanta ba, kayan nan amana ne a hannuna. In na yi dilit na yi fomatin ya isa?

MaiGyaraBichi: Wa alaikumus salam. Malam cire had-disk ɗin ka sa guduma kawai, ka sayar da gangar jikin.

ɗanRingim: Yaya ai in na cire kuɗin zai faɗi sosai, kuma kuɗin nake nema.

Abban_Ummi: Ƙanina Allah ya saka da alheri da ka yi wannan tunanin, da yawa ba sa yi. Abin da ka gani wajen yaron cajin ba tsafi ba ne. In ka yi dilit, kwamfuta sunan fayil ɗin kawai take sharewa daga rajistarta ta ce wurin nan ba kowa, amma kayan suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu, kamar a kankare sunan mai gida a ƙofa alhali gidan na tsaye da kayan ɗaki a ciki. Fomatin na sauri ma haka yake, sabuwar rajista kawai yake buɗewa.

Shi kuma abin da aka kulle da BitLocker hanyarsa daban ce, ba sai ka bi kowane fayil ba, makullin ake hallakawa, in makulli ya tafi abin da ya rage a diski tarkace ne da ba mai iya karantawa. To amma ga inda gizo ke saƙar a naka, ka ce shekara biyu kana aiki kafin a kunna shi. Lokacin kunnawa Windows tana tambaya, a kulle inda ke da kaya ne kaɗai ko a kulle diskin gaba ɗaya, kuma yawancin masu gyara na farkon suke zaɓa saboda ya fi sauri. In haka aka yi maka, duk abin da ka yi wa dilit kafin ranar yana iya kasancewa a fili a wurin da ake gani kamar ba komai, BitLocker bai taɓa shi ba. Don haka kar ka dogara da kullewar kaɗai. Diskin naka mai juyawa ne ko SSD, wato irin wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa?

ɗanRingim: Mai juyawa ne Abba, 500GB, in na kara kunne ina jin ƙararsa.

Abban_Ummi: To ka yi sa'a, wannan shi ne mai sauƙi. Ka fara kwashe abin da kake buƙata, sannan a cire diskin a jona shi a wata kwamfutar a yi masa cikakken fomatin, a cire alamar nan ta Quick, tun daga Windows Vista cikakken fomatin sifili yake rubutawa a kan wurin duka. Zai ci awanni, ka tabbata akwai mai a janareto kar ya yanke a tsakiya. Sau ɗaya ya isa, kar wani ya ce maka sai sau 35, wannan maganar ta 1996 ce lokacin tsofaffin diskoki. In ba za ka iya cirewa ba, akwai umarnin cipher /w:C da yake bin wurin da ba kaya yana rubutu a kai har zagaye uku, ka yi shi bayan ka share komai ka zubar da kwandon shara. Kuma lambobin nan 48 na buɗe BitLocker, in an buga maka a takarda ka ƙona, in suna cikin akawun ɗinka na Microsoft ka shiga ka cire.

Da SSD ne da maganar ta canza, shi yana yawo da rubutu ne daga wannan gurbi zuwa wancan don kar wuri ɗaya ya gaji, kuma yana da ajiyayyen wuri da Windows ba ta gani, to rubutu a kai ba ya kaiwa ko'ina, sai dai Secure Erase, wato umarnin da ke sa diskin ya goge kansa gaba ɗaya, na cikin BIOS (saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi) ko manhajar kamfanin da ya ƙera shi.

MamanHanif_Gumel: Malamai ni kuma waya fa? Zan ba ƙanwata tawa.

Abban_Ummi: Hajiya in wayar ta fito da Android 10 ko sama, a kulle take tun daga kamfani, in kika yi mata risetin makullin ne yake tafiya, ki dai fara cire akawun ɗinki na Google. Memorin ne matsala, yawanci ba a kulle yake ba kuma risetin ba ya taɓa shi. Ki cire shi ki riƙe abinki, in ba kya so ki karya shi biyu da filaya.

ɗanRingim: Na gode Abba, Allah ya ƙara ilimi. Gobe bayan azahar zan kai wa yaron cajin, amma a gabana za a yi, in an gama kuma zan sa ya gwada Recuva ɗin nasa a kai in gani da idona kafin in hau motar Kano.