Tambaya: yaya za mu shirya sashen rajista game da wasiƙar da ke ɗauke da gari mai haɗari?

Ma'aikacin Rajista, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen karɓar wasiƙu na wani ofishin gwamnati a nan Zariya. Makon jiya masinjanmu ya buɗe wata ambulan da ba a rubuta sunan mai aikowa a bayanta ba, sai wani farin gari ya zubo a kan tebur. Ya shinshina, ya ce asiri ne aka yi wa shugaban ofis, sannan ya karkaɗe shi da hannun riga alhali fankar rufi tana juyawa. Allah ya tsare, babu wanda ya yi ciwo, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata mu yi, kuma wane shiri ya dace da ofishin da ba shi da kuɗin sayen na'urori?

Tsohon Ma'aikacin Gidan Waya, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Damuwarka tana da tushe. A shekarar 2001 an aika wasiƙu masu ɗauke da ƙwayoyin cutar antaraks zuwa ga kafofin yaɗa labarai da sanatoci biyu a Amurka, Tom Daschle da Patrick Leahy. Mutum 22 suka kamu, biyar suka mutu, kuma biyu daga cikinsu ma'aikatan cibiyar rarraba wasiƙu ta Brentwood ne a Washington, wato irinmu masu taɓa takarda kafin ta isa hannun manya. Sai da aka rufe cibiyar sama da shekara biyu ana tsabtace ta.

Abin da masinjanku ya yi shi ne ainihin abin da ake hanawa. Idan gari ya zubo, kada a shinshina, kada a share, kada a ɗauki ambulan a zaga da ita ofis-ofis ana nuna wa mutane, domin wannan ɗabi'ar tamu ta nuna abin mamaki ita ce ke yaɗa shi. A ajiye ta a hankali, a rufe ta da takarda ko kwandon shara, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, kowa ya fita, a rufe ƙofa. Daga nan a wanke hannu da ruwa da sabulu, a rubuta sunan duk wanda yake ɗakin, sannan a kira 'yan sanda da jami'an lafiya.

Likitar Dabbobi, Samaru:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara abu biyu. Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, ita ce makiyaya ke kira saifa, kuma a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta Jihar Neja. Wanda ya shaƙi ƙwayoyinta ba ya ɗaura wa wani, saboda haka babu dalilin gudun abokin aiki. Amma alamunta na farko suna kama da mura ko zazzaɓi, wanda a nan kowa zai ce maleriya ce. Shi ya sa jerin sunayen yake da muhimmanci, domin likita kan fara ba mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta irin siprofuloksasin tun kafin ciwo ya bayyana, kuma akan sha shi har kwana 60. Hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, wato NCDC, tana da layin kira kyauta, 6232.

Jami'in Mulki, Kongo:
Hajiya, na gode. Malam, shawarata ita ce ka rubuta wa shugabanku takarda, ka nemi a ware ƙaramin ɗaki mai ƙofa ɗaya, nesa da inda jama'a ke zama, wanda a cikinsa kaɗai za a riƙa buɗe wasiƙu. A tanadi safar hannu, takunkumi, ledar da ake liƙe bakinta, da bokitin ruwa da sabulu. A koya wa masinjoji su ware ambulan mai tabo, ko mai kan sarki fiye da kima, ko marar sunan mai aikowa, su bar ta a rufe.

Ma'aikacin Rajista, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Akwai wani ɗakin ajiyar tsofaffin fayil da babu mai shigarsa, gobe zan roƙi a ba mu mukullinsa.