Musayar Waƙa: Haikal, Alƙalamin Nasir

Ɗan Zazzau:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau Muhammad Hassanain Haikal na Masar na ɗauko, ɗan jarida na hannun daman Shugaba Nasir. Ƙwar biyu ce, wanda bai yarda ba ya mayar mini da waƙa.

Bismillah, zan waƙe ɗan jaridar Alƙahira,
Haikal, mai alƙalamin da ba ya gajiyawa.

A 1942 ya shiga aikin jarida,
Yaro ne ɗanye, gemu bai fara fitowa.

Fagen Alamain ya je neman labari,
Ingila da Jamus na wuta, shi yana rubutawa.

A 1957 ya hau kujerar editan jaridar Al-Ahram,
Shekara 17 linzami na hannunsa, ba sakewa.

Ran Juma'a in sharhinsa ya fito a shafi,
Jakadu kan duba su ga inda Nasir ke dosawa.

'Yar Damagaram:
Yaya, ka yi kirari ka ɓoye rabin zance,
Bari ƙanwarka ta buɗe maka ɗaya bayan ɗaya.

Mai cin tuwo akushi guda da sarki,
In ya ba da tarihin sarki, wa zai ce ba kariya?

Yunin 1967, kwana shida ana wuta da Isra'ila,
Sina'i ta tafi, jirage sun ƙone a ƙasa gaba ɗaya.

Jawabin murabus da Nasir ya yi ran 9 ga wata,
Haikal ya tsara shi, ya lulluɓe wa fada kunya.

A 1970 ga shi ministan yaɗa labarai,
Mai sharhi a kujerar gwamnati? Yaya, ji tausayin gaskiya!

Baba Mai Rediyo:
'Yata, sannu, harshenki da kaifi,
Amma zamanin Sadat, magajin Nasir, ba ki taɓo shi ba.

Bayan yaƙin Oktoban 1973 suka saɓa,
Sadat ya karkata Amurka, Haikal bai bi shi ba.

Kisinja, ministan wajen Amurka, na zirga-zirga, shi yana suka a shafi,
1974 aka tsige shi, bai roƙi kowa ba.

Satumban 1981 aka kwashe sama da mutum 1,500,
Har da shi a kurkuku, girma bai cece shi ba.

Sai da aka harbe Sadat ran 6 ga Oktoba,
Mubarak ya sake su, ɗan amshin shata ba ya shan wannan ba.

'Yar Damagaram:
Baba, na durƙusa, ɗaurin nan na yarda da shi,
Sai dai da ya fito ai ramuwa ya shirya.

Littafinsa na 1983 a kan Sadat, Kharif al-Ghadab,
Har launin fatar mamaci ya taɓo, Baba, wannan tarihi ne ko ƙiyayya?

Ɗan Zazzau:
Ƙanwata, wannan kam ba zan kare shi ba,
Amma zauren da aka yanke shawara yana ciki, yana saurarawa.

Da tsufansa ya zauna gaban kyamarar Aljazira,
Takardu a gabansa, yaƙin Suwes da na 67 yana warwarewa.

Agustan 2013 aka cinna wa gidansa na Birƙash wuta,
Littattafai da takardun shekaru suka tafi, ba dawowa.

Fabrairun 2016 ya rasu yana da shekara 92,
Masoya da masu suka har yau ba su daina jayayya da shi kuwa.

Baba Mai Rediyo:
Ɗana, baitinka na ƙarshe ya yi ɗingishi, gyara shi. 'Yata, ke kuma ba ki ce komai ba kan goyon bayan da ya ba sojoji lokacin da suka kifar da Shugaba Mursi a 2013. Ina jiran baitocinki bayan isha'i.