Rassan da na ƙawata falo da su suna ta zubar da ganye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu zama a ƙasashen sanyi ku ba ni shawara.

Ina zaune a Hambug, ƙasar Jamus. A watan Disamba kafin ƙarfe 5 na yamma duhu ya rufe, bishiyoyi duk sun zama ƙirare, sai na ji ina son ganin ɗan kore a ɗaki. Na sayo rassan itatuwan nan masu ganye kamar allura, na zuba su a tulun gilashi da ruwa, na ajiye a bakin taga. Ƙamshinsu kam ba a magana.

Kwana shida kacal suka bushe. Ko labule na ja sai ka ji ganyen na zubowa yar-yar a kan kafet, ga yarona yana rarrafe, jiya ma daga bakinsa na ciro ɗaya.

Na sake yanke gindinsu, amma ƙaro yakan fito ya toshe wurin, ruwan ko raguwa ba ya yi. Hita tana ƙarƙashin tagar, kuma ba na iya kashe ta saboda yaron.

Maƙwabciyata ta ce in nemi irin Nordmann, wai ya fi riƙe ganye. Shin irin ne matsalar, ko zafin hitar?