Wace kalma za mu ba "suburb" da Hausa?

Jama'a, ku zo mu yi shawara kan kalmar nan "suburb", musamman irin wadda masu hali ke zama. A fassarar labarai sau da yawa "bayan gari" ake sa mata, ni kuwa abin bai kwanta mini ba.

Bahaushe in ya ji "bayan gari", inda gidaje suka ƙare yake hangowa: gonaki, juji, maƙabarta, kangon da aka fara aka bari. To ta yaya za a ce Neuilly-sur-Seine bayan gari ne? Wurin yana manne da Paris ta yamma, yana cikin mafiya tsadar gidaje a Faransa, kuma Nicolas Sarkozy ya yi magajin garinsa daga 1983 zuwa 2002 kafin ya zama shugaban ƙasa. "Karkara" ma ba ta shigo ba, don ba noma ake yi a can ba.

Abin da ya raba irin wannan wuri da ƙauye shi ne mutanensa a nan suke kwana, amma abincinsu a birni yake. Da sassafe za ka ga motoci suna fitowa daga gareji ɗaya bayan ɗaya, ko mutane sun yi cirko-cirko a tashar jirgin ƙasa. Hantsi na yi titi ya yi tsit, sai ƙarar injin yanke ciyawa. Sufuri ne ma ya haifi wuraren tun farko. Kamfanin jirgin ƙasa na Metropolitan ya tallata unguwannin arewa maso yammacin Landan da sunan "Metro-land" tun 1915, a Amurka kuma mota da manyan tituna suka bunƙasa irin su Levittown, da aka fara ginawa a 1947 kusa da New York.

Wasu za su ce a kira ta "unguwar masu hannu da shuni". Nan ne nake da ja. Arziki daban, wuri daban. A kewayen Paris ɗin nan akwai Seine-Saint-Denis, inda talauci ya yi katutu, shi ma kuma "banlieue", wato "suburb", Faransawa ke ce masa. In muka cusa kuɗi cikin kalmar, ranar da labarin talakawan can ya zo sai mu rasa abin faɗa. "Unguwa" kanta tana da tangarɗa, tunda wasunsu garuruwa ne masu hukumarsu.

Ni dai "gefen birni" na zaɓa. Tana nuna kusanci, tana nuna ba cikin birnin ba ne, kuma ba ta ɗauke da raini. Sai a ce "yana zaune a gefen birnin Landan", in ana son fito da wadatar a ƙara: "unguwannin masu hali na gefen birni".

Malaman Hausa da 'yan jarida, "kewayen birni" ta fi daɗi a bakinku ne, ko mu tsaya a kan wannan?