Kailasa: gina shi aka yi ko sassaƙa shi?

Ɗan Fagge: Jama'a, abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na kawo shi nan. Hutun da ya wuce muka je Ellora a jihar Maharashtra ta Indiya, tafiyar kusan kilomita 30 daga Aurangabad. Na ɗora hoton haikalin Kailasa na mabiya addinin Hindu, kogo na 16 cikin 34 da ke wurin, sai wani ɗan'uwana ya rubuta wai aikin aljanu ne. Wallahi na tsaya a tsakar wurin, na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Na shafa bangon dutsen da ya kewaye shi, ga sawun ƙarfen sara nan jere. Ga giwaye a gindin haikalin kamar su ke ɗauke da shi. Mutane ne suka gina shi a ƙarni na 8, zamanin Sarki Krishna na Ɗaya na daular Rashtrakuta. Don me duk abin da ya fi ƙarfin tunaninmu sai mu miƙa wa aljanu?

Birkila: Ɗan'uwa, gyara maganarka. Ba gina shi aka yi ba. Gini sana'ata ce, daga tushe muke farawa, bulo kan bulo. Wannan daga saman dutse aka fara, ana sara ana sauka, aka yanke ramuka uku aka ware dunƙule guda a tsakiya, sannan aka fitar da rufi da ginshiƙai da ɗakuna daga jikinsa. Ni in na kuskure, sai in rushe in sake. Su in hannu ya zarce, shi ke nan.

Basakkwace: Malam Birkila, kai ne za ka gyara. Ba a ce gina rijiya? Ba a ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere? Ramin bulo ake jera mai? Yaron nan daidai ya faɗa.

Birkila: Rijiya haƙa ta ake yi.

Basakkwace: A Kano ke nan. Ku kun ɗauka Hausa a bakin Kurmi ta tsaya.

Uwar Biyu: Baba, da girmanka, Hausar da ake rubuta littafi da ita ai ta Kano ce.

Basakkwace: Ɗiyata, je ki tambayi inda aka fara rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, sannan ki dawo.

Malamin Tarihi: Ku bari in sa baki. Kalmar da ta dace ita ce sassaƙa, kuma bambancin yana da amfani. Masana sun nuna Kailasa ya ɗauko fasalinsa daga haikalin Virupaksha na garin Pattadakal a Indiya, wanda aka yi wajen shekara ta 740 a daular Chalukya. Shi wancan jera duwatsu aka yi, gini ne na sosai. Masu aikin Ellora suka kwaikwayi siffar gini a jikin dutse guda: ƙofar shiga, rumfar gunkin bijimi mai suna Nandi, babban zaure, da hasumiya a kan ɗakin Shiva, abin bautar da aka yi haikalin dominsa. Har gadar da ta haɗa rumfar da zauren daga dutsen nan ta fito. Tsakar wurin ta kai mita 82 a tsawo, 46 a faɗi.

Almajiri: Malam ya yi gaskiya. Alƙur'ani ma ya ba da labarin Samudawa suna sassaƙa gidaje a duwatsu. Amma ni tambayata, me ya kai Musulmi gidan gumaka?

Ɗan Fagge: Kallo na je yi, ba bauta ba. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tun 1983, ga wuraren ibadar mabiya addinin Buddha ga na mabiya addinin Jain duk a jere. Kabarin Aurangzeb, Musulmin sarkin daular Mughal, ma yana Khuldabad, kusa da wurin, mun biya.

Almajiri: Biya kabari bai amsa tambayata ba.

Uwar Biyu: Ku bar yaro ya huta. Ni dai haushina, kullum Indiya, Indiya. Ga cocin Lalibela a Habasha, su ma daga sama aka saro su har ƙasa, wa ya taɓa ɗora hotonsu a nan?

Malamin Tarihi: Hajiya, na Lalibela sun zo bayan Kailasa da kusan shekara 400.

Uwar Biyu: To, sai me? Namu ne na Afirka.

Basakkwace: Har yanzu ba wanda ya ba ni amsar ramin mugunta.

Birkila: Dare ya yi, bari in taƙaita wa waɗanda suka zo a makare. An tattauna, an kawo hujjoji, kuma kowa ya gamsu cewa Kailasa sassaƙa shi aka yi, Malamin Tarihi ma ya tabbatar da abin da na faɗa tun farko. Mutum ɗaya ne ya kafe a kan maganar rijiya, shi ma karin magana kawai ya riƙe.

Basakkwace: Wa ya gamsu? Ni ban gamsu ba.

Ɗan Fagge: Ikon Allah. Ni kan aljanu na yi tambaya. Ɗan'uwan nawa yana nan cikinku yana karantawa, kuma yanzun nan ya sake turo min saƙo cewa har yanzu yana kan bakansa.